Laburaren jami'a a cikin wayarka: Yadda ɗalibin Gaya da Ajingi zai samu littattafai da mujallun bincike daga gida

Mu ɗauki misalin ɗaliba 'yar aji huɗu da ke karanta aikin gona a Wudil. An yi hutun zango, ta koma gida Ajingi. Kafin ta taho, malamin da ke duba kundin digirinta ya ce kada ta dawo masa sai da babi na biyu, wato bitar ayyukan da magabata suka yi a kan maudu'inta, kuma yana son ganin maƙalun shekarun baya-bayan nan. Laburare yana Wudil, ita tana Ajingi. Kuɗin mota kuwa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya yi tashin gwauron zabi, ba kullum gida za su iya ba ta na zuwa da dawowa ba. Abin da ke hannunta shi ne wayar Android da 'yar data.

A irin wannan hali ƙawaye kan ba da shawara iri biyu. Wata ta ce ta sayi kundin da aka riga aka rubuta a intanet, ta canza suna. Wata ta ce ta sa ChatGPT ya rubuta mata har da manazarta. Kowacce daga cikin biyun tana iya jawo mata asarar shekara guda, ko fiye. Hanya ta uku ita ce wadda ba a cika faɗa ba: kaso mai tsoka na laburaren jami'a a yau yana buɗuwa a waya, an riga an biya kuɗinsa, kuma makullin yana hannun ma'aikatan laburare suna jiran mai tambaya.

Abin da ke bayan ƙofar nan da kake wucewa

Ɗaliban Gaya da Ajingi ba su rasa jami'a a kusa ba. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, a kan hanyar Gaya, wadda ta fara aiki a 2001, aka san ta da sunan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano kafin a canza mata suna a 2022. Ta gabas akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. Wasu suna Jami'ar Bayero a Kano, wasu Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Duk wanda ya taɓa shiga laburaren jami'a ya ga wani ɗaki mai kwamfutoci da aka rubuta e-Library a ƙofarsa. Da yawa suna ɗauka wurin buga takarda ne ko cike fom. Alhali shi ne ƙofar shiga rumbunan mujallu da littattafan da ba su kan kanta.

Ga yadda abin yake aiki. Manyan kamfanonin buga mujallun bincike irin su Elsevier da Springer da Wiley sayar da maƙalunsu suke yi. Idan kai kaɗai ka je shafinsu, maƙala guda tana iya kai dala 30 ko fiye. Lissafa wannan da naira, sannan ka tuna babi na biyu yana buƙatar maƙalu da dama. Shi ya sa jami'a ce ke yin rajista a madadin kowa, malamai da ɗalibai su karanta ba tare da sun sake biya ba. A makarantun gwamnati, asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa kuma ake tara kuɗinsa daga harajin da kamfanoni ke biya, yana ware kaso domin bunƙasa laburare. Asusun ya kuma samar da dandalin intanet mai suna TERAS domin ɗalibai da malaman makarantun da yake tallafa wa.

Rumbunan nan suna gane ɗan makaranta ta hanya biyu. Ta farko, idan kana kan intanet ɗin cikin harabar jami'a, shafin zai gane adireshin makarantar ya buɗe maka kai tsaye. Ta biyu, a ba ka sunan shiga da kalmar sirri, ka shiga daga ko'ina da datar wayarka. Ga wanda ke zaune a Gaya ko Ajingi, ta biyun ce abin nema.

Babban misali shi ne shirin Research4Life, wanda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka haɗa kai da kamfanonin buga mujallu domin bai wa makarantun ƙasashe masu tasowa damar karatu kyauta ko a farashi mai rahusa. Rassa biyar ne. Hinari na fannin lafiya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shi a 2002. AGORA na aikin gona ne, daga Hukumar Abinci da Aikin Gona, a 2003. OARE na muhalli ya zo a 2006, ARDI na kimiyya da ƙere-ƙere a 2009, sai GOALI na shari'a a 2018. Makaranta ce ke yin rajista, ɗalibi ba ya yi da kansa. Idan taku ta yi, bayanan shiga suna wurin laburare.

Tambayoyi huɗu kafin ka hau motar gida

Kowace jami'a da irin rumbunan da ta yi rajista da su, kuma jerin yakan canza daga shekara zuwa shekara. Saboda haka kada ka dogara da abin da wani ɗan ajin gaba ya faɗa maka bara. Ɗauki katin shaidarka, ka shiga sashen laburaren intanet, ka gaida ma'aikacin da ka tarar, ka ce: "Malam, don Allah ina aji huɗu ne a sashe kaza, ina so in san abin da zan iya buɗewa daga gida." Sai ka bi da waɗannan:

1. Waɗanne rumbunan mujallu da littattafai ne jami'a ke da rajista da su a bana, kuma wanne ya fi dacewa da fannina?
2. Wanne ne ke buɗuwa a wajen makaranta, kuma ta yaya zan samu sunan shiga da kalmar sirri?
3. Akwai jerin littattafan laburare a intanet, yadda zan duba ko akwai littafi kafin in taso?
4. Idan na ci karo da maƙalar da ta ƙi buɗuwa, ta wace hanya zan aiko muku da sunanta ku taimaka?

Tambaya ta uku tana tsare kuɗin mota. Laburare da dama sun mayar da katunan jerin littattafansu cikin kwamfuta ta manhajoji irin su Koha, yadda za ka rubuta sunan littafi ko na marubuci ka ga ko yana nan, da lambar kantar da yake. Ta huɗu kuwa ita ce wadda ɗalibai suka fi jin nauyin yi, alhali nemo wa mai bincike abin da ya rasa yana cikin aikin da aka horar da ma'aikacin laburare a kai. Matambayi ba ya ɓata.

Waɗanda ba sa neman kalmar sirri

To idan an riga an yi hutu ba ka karɓi komai ba fa? Ko an tafi yajin aiki, irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai suna zaune a gida? Akwai rumbunan da ke buɗe ga kowa, halal, ba sata ba.

Google Scholar. An buɗe shi a 2004. Ya bambanta da Google na yau da kullum domin maƙalun bincike da kundayen digiri da littattafan ilimi yake nemowa. Inda ka ga alamar PDF kusa da sakamako, akwai kwafin da za a iya saukewa.

AJOL. Cikakken sunansa African Journals Online, ya fara a 1998, yana tattara ɗaruruwan mujallun nahiyar Afirka, kuma na Najeriya suna da yawa a ciki. Mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero, BAJOPAS, da takwararta ta Jami'ar Dutse, DUJOPAS, duk suna nan. Amfaninsa shi ne binciken da aka yi a ƙasarmu, da ruwanmu, da cututtukanmu, a nan aka fi samunsa.

DOAJ. Jerin mujallun da ake karantawa kyauta ne, Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin ta fara shi a 2003. Ana tantance mujalla kafin a sa ta a ciki.

Kubanni. Wannan rumbun Jami'ar Ahmadu Bello ne, inda ake ajiye kundayen digiri na biyu da na uku. Karanta kundin da ya ci jarrabawa yana koya maka yadda ake gina babi da tsara manazarta. Karantawa ake yi a ambaci mai shi, ba kwafewa ba.

JSTOR. Masu tarihi da harsuna da zamantakewa za su fi jin daɗinsa. Idan ka buɗe asusu na kanka da imel, za ka iya karanta har maƙala 100 a wata a kan shafin, ko da yake ba duka ake saukewa ba.

PubMed Central. Na masu lafiya da kimiyyar halittu ne, cikakkun maƙalu kyauta.

OpenStax. Jami'ar Rice ta Amurka ce ke buga littattafan koyarwa na matakin jami'a kyauta tun 2012: fiziks, kemistiri, bayoloji, lissafi, tattalin arziki. Ga ɗan aji ɗaya da biyu, waɗannan sun fi takardun lacca da aka yi wa hoto har rubutun ya dushe.

Littattafan NOUN. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya tana ɗora littattafan darussanta a shafinta, kowa na iya saukewa.

Mu gwada da aikin 'yar Ajingi

A ce maudu'inta shi ne ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da wasu ke kira wuta-wuta, wadda ke maƙale wa saiwar dawa da gero ta tsotse su. Duk manomin yankin nan ya san ta. Idan ta rubuta "ƙuduji" a Google Scholar ba za ta samu abin kirki ba, domin masu bincike da sunan kimiyya suke amfani. Sai ta rubuta "Striga hermonthica" a tsakanin alamun zance, ta ƙara kalmar Kano ko Sudan savanna. Alamun zancen suna sa injin ya nemo kalmomin a jere kamar yadda aka rubuta su.

Daga nan ta taƙaita shekaru, misali daga 2018 zuwa yau, tunda na baya-bayan nan malam ya nema. Kafin ta sauke komai, ta karanta tsakuren maƙalar, wato taƙaitaccen bayanin da ke farko. Shi zai nuna mata ko ta dace da aikinta. Idan ta samu guda ɗaya mai kyau, ta latsa Cited by da ke ƙarƙashinta, za ta ga duk waɗanda suka ambace ta daga baya. Ta haka maƙala ɗaya ke haifar da goma. Idan wata ta nemi kuɗi, ta latsa inda aka nuna sauran kwafe-kwafenta, sau da yawa marubucin ya ajiye kwafi kyauta a rumbun jami'arsa.

Cibiyoyin binciken noma na duniya guda biyu, IITA da ICRISAT, suna da ofisoshi a Kano, sun daɗe suna aiki a kan dawa da gero da wake da gyaɗa, kuma suna ɗora rahotanninsu a intanet kyauta. Haka Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, sunayensu za su yi ta fito mata. A Google na yau da kullum kuma, idan ta ƙara filetype:pdf a ƙarshen abin da ta rubuta, fayilolin PDF kaɗai zai kawo. Idan ta ƙara site:edu.ng, zai tsaya a shafukan makarantun Najeriya.

Saura tsara manazarta. A ƙarƙashin kowane sakamako na Google Scholar akwai maɓallin Cite da ke ba da cikakken sunan maƙala a salon APA da sauransu. Akwai kuma shafin ZoteroBib da ke buɗuwa a burauzar waya: ka liƙa masa adireshin maƙala, ya tsara maka. Amma a riƙa dubawa, na'ura takan yi kuskuren suna ko shekara.

Data, caji da sabis

Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowa lissafi yake yi. Abin daɗi shi ne rubutu ba ya cin data kamar bidiyo. Maƙala guda galibi ba ta wuce megabait ɗaya zuwa uku ba. Ke nan gigabait ɗaya, da ke ƙarewa a zama ɗaya a TikTok, zai sauke maka ɗaruruwan maƙalu. Littattafai masu hotuna ne ke da nauyi, su sai a bari sai an samu Wi-Fi na makaranta ko an sayi datar dare mai rahusa.

Dabarar ita ce a raba lokacin nema da lokacin karatu. Idan sabis ya fi ƙarfi a cikin gari ko bakin titi, ka je da jerin abin da kake nema a rubuce, ka sauke, ka kashe data, ka koma gida ka karanta. Shafin da ba shi da PDF, a Chrome ka latsa Share, sannan Print, ka zaɓi ajiye shi a matsayin PDF. Kowane fayil ka canza masa suna nan take zuwa sunan marubuci da shekara, in ba haka ba bayan mako biyu za ka tarar da fayil hamsin masu lambobi ka rasa wanne ne wanne. Ka buɗe mazubi ɗaya ga kowane babi, ka ajiye kwafi a Google Drive. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana kuma musanya ta a wurin masu caji.

Karanta maƙala mai layi biyu a ƙaramar fuskar waya yana gajiyar da ido. Manhajar Adobe Acrobat Reader tana da tsarin Liquid Mode da ke sake jera rubutun daidai faɗin waya. Rage hasken fuska kuma yana sa batir ya daɗe.

Matsalar rashin sabis ba sabuwa ba ce, kuma ɗaya daga cikin magungunanta daga Najeriya tunaninsa ya samo asali. Wahalar intanet da aka gani a Jami'ar Jos ce ta sa shirin WiderNet na Jami'ar Iowa ya ƙirƙiro eGranary a 2001, wato rumbun miliyoyin takardu a cikin faifan kwamfuta da ake karantawa ba tare da intanet ba. Irinsa na waya shi ne manhajar Kiwix, wadda ke sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ko babu data. Wikipedia dai mashiga ce, ba madogara ba. Ka gangara ƙasan shafin ka bi manazartan da aka jera.

Tarkuna uku

Na farko, kundin saye. Shafukan da ke tallar kundin digiri babi ɗaya zuwa biyar ba kai kaɗai suka sayar wa ba. Jami'o'i da dama yanzu suna tace kundaye da manhajojin gano satar fasaha irin su Turnitin, da EagleScan wadda kwamitin shugabannin jami'o'in Najeriya ya samar. Ko manhaja ba ta kama ka ba, ranar kare kundi tambaya biyu ta isa a gane ba kai ka rubuta ba.

Na biyu, manazartan ƙarya. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya ƙago sunan marubuci da mujalla da shekara da lambar shafi, duk su yi kama da gaske alhali babu su. A watan Yunin 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar wa kotu da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira. Idan lauyoyi sun faɗa, ɗalibi ma zai faɗa. Gwajin mai sauƙi ne: yawancin maƙalun zamani suna da lambar DOI, mai farawa da 10 da ɗigo. Ka liƙa ta a doi.org, ko ka nemi sunan maƙalar a Google Scholar. Abin da ba ka buɗe ka karanta da idonka ba, kada ya shiga jerin manazartanka. Ka yi amfani da waɗannan manhajoji wajen fahimtar sakin layi mai wuya ko nemo kalmomin bincike, nan suke da amfani.

Na uku, shafukan satar littattafai. Bayan hukumomin Amurka sun ƙwace adiresoshin Z-Library a watan Nuwamban 2022, shafukan bogi masu kwaikwayonsa sun yawaita, suna karɓar imel da kalmar sirri, wani lokaci har da kuɗi. Duk shafin da ya ce sai ka sauke wata manhaja daga wajen Play Store kafin ka ga littafi, ka rufe shi. Wayar da kake karatu da ita, a cikinta manhajar bankinka take.

A nan ya kamata a ja kunne kan kalmar sirrin makaranta. Amana ce. Idan aka watsa ta a zaurukan WhatsApp, ko wani ya yi ta sauke ɗaruruwan maƙalu a lokaci guda, kamfani na iya toshe jami'ar gaba ɗaya, laifin mutum ɗaya ya shafi dubbai.

Malamai ma suna da rabo

Ga malaman da ke koyarwa a Wudil ko Dutse, laburare shi ne wurin tantance mujalla kafin a aika mata da aiki. Akwai mujallun bogi da ke aiko da imel suna alƙawarin bugawa cikin kwanaki idan an biya, ba tare da masana sun duba ba. Duba sunan mujalla a DOAJ ko AJOL yana rage wannan haɗari. Buɗe lambar ORCID kyauta ce, tana haɗa dukan ayyukan mutum wuri ɗaya, abin da ke da amfani sosai a inda sunaye ke yawan kama da juna. Malamin da ya ajiye kwafin maƙalarsa a rumbun jami'a kuwa, ya sauƙaƙa wa ɗalibinsa na ƙauye samunta ba tare da biyan dala ba.

Abin da waya ba za ta ba ka ba

Ba komai aka ɗora a intanet ba. Tsofaffin kundayen digiri da yawa, musamman na Hausa da tarihi da addini, suna nan a takarda a kan kantocin Jami'ar Bayero da Laburaren Kashim Ibrahim na Zariya. Wanda zai yi bincike a kan tarihin Gaya, misali labarin Abagayawa, maƙeran da tarihin baka ya ce daga Gaya suka tafi Dutsen Dala neman tama, dole ya taka da ƙafarsa. Akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai Arewa House da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna inda fayilolin lardin Kano na zamanin Turawa suke. Akwai kuma dattawan gari, waɗanda abin da ke kansu babu shi a kowane rumbu. A nan aikin waya shi ne naɗar murya, bayan an nemi izini.

Abin da waya ke yi shi ne rage yawan tafiya, ta kuma sa tafiyar da aka yi ta zama mai amfani. Maimakon 'yar Ajingi ta je Wudil sau biyar tana lalube, sai ta tara maƙalunta a gida, ta rubuta sunayen littattafai uku da ta tabbatar suna kan kanta, ta je sau ɗaya.

Idan kana makaranta yanzu, kafin wannan zangon ya ƙare ka ware rabin awa ka shiga sashen nan mai kwamfutoci da tambayoyinka huɗu. Ka gwada sunan shigar da aka ba ka a wayarka, da datarka, tun kana tsaye a gaban ma'aikacin. Idan ya ƙi buɗuwa, gara a gyara maka a nan da ka gano bayan ka isa gida.